Ƙafar Inna a Dausayin Nguroje

Ibadan zuwa Makurɗi

Ana sallame asuba muka bar Sabo, ni da Inna mahaifiyata, a motar wani mai albasa na kasuwar Shasha. Tun da idonta ya mutu bara, maganarta ɗaya ce: a kai ta dausayin gefen dutse a Mambila, inda ta yi kiwon maruƙa tana yarinya. Ni kuwa an ce min bishiyoyin turare da aka daddasa sun shanye irin waɗannan wuraren. Ban faɗa mata ba.

A shingen Lokoja soja ya leƙo. "Mama, sai ina?"

"Ganin ciyawa za ni."

Ya dubi idonta, ya ɗaga mana hannu. Makurɗi muka kwana, wajen abokin cinikina na goro, aka cika mu da sakwara.

Serti zuwa Nguroje

Hawan dutsen nan, wayyo Allah! Direba na dariya, ni ina ta salati, Inna ko a jikinta.

Da safe Kawu Buba, ƙaninta, ya shige gaba. Muka wuce kwari biyu, busassu ƙayau, turare ya kewaye su. Kawu ya ɗora yatsa a baki, kada in faɗa mata. A na uku ne muka samu: ɗan fili bai fi tsakar gidanmu ba, ruwa na tsattsafowa daga jikin dutse, ba rafi ba rijiya, sai gansakuka shimfiɗe kamar darduma, da dunƙule-dunƙulen ciyawa.

Na ja hannunta zuwa inda ya fi laushi da kyau. Ta buge min hannu.

"Kai, ɗan Ibadan! Nan ne maraƙi ke nutsewa. Kan tushen ciyawa ake takawa. Cire min takalmi."

Ta riƙa lalube da yatsun ƙafa, dunƙule bayan dunƙule, ni mai ido ina bin sawunta.

"Jar ciyawar nan mai raɓa, mai kama ƙuda, tana nan?"

Na durƙusa na duba. "Tana nan, Inna. Har ta kama ɗaya."

Baƙar laka ta rufe mata idon sawu. "Ya ragu, Sani, ƙafata ta faɗa min, ba sai kun ɓoye ba. Amma sanyin ruwan bai canza ba."

Wallahi kuka na yi.

Gida

Mun iso Sabo lafiya, godiya ga Allah, da Kawu, da direbobin da suka yi haƙuri da mu. Matata ta ɗauki zanen Inna za ta wanke, Inna ta hana. Da maƙwabta suka shigo neman tsaraba, sai ta miƙa musu gefen da ya sha laka.

"Ku shinshina," ta ce. "Garinmu ke nan."