Garzali da Fim ɗin da Ya Jera a Baibai

Garzali abokina ne tun muna yara. Ni Ƙasimu kafinta ne a Gyaɗi-Gyaɗi, shi kuma yana haska fim a wani gidan silima. Ba zan ce yana da daɗin zama ba. Tun da ya haura arba'in komai ya daina yi masa daɗi. Idan matarsa Huraira ta kawo tuwo ya ce ya yi ruwa, idan 'ya'yansa sun yi dariya ya ce sun cika masa kunne. Maƙwabta sun daina tsayawa su gaisa da shi. Ni kuwa na san shi tun yana iya dariya, na kasa barinsa.

A daminar 1976 aka aiko wa silimarsu wani fim na Turawa bisa kuskure. Ba dambe, ba waƙa, ba doki. Wani ma'aikacin ofis ne kawai, sa'anmu, yana hantarar matarsa, yana zama ya ƙura wa bango ido. Sau ɗaya aka nuna shi, 'yan kallo suka yi ta jifa da ɓawon rake, aka ajiye shi.

Fim yana zuwa ne cikin gwangwanaye, kowanne da lambarsa, mai haskawa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Na wannan fim ɗin kuwa, ruwan sama ya taɓa su a hanya, lambobin sun goge. Garzali ya jera su yadda hankalinsa ya ba shi.

Wata rana da hantsi ya kira ni ɗakin inji, ya rufe ƙofa, ya haska shi a bango.

"Ƙasimu, dubi ɗan banzan nan. Wa ya tuna maka?"

"Wallahi har yadda kake ture kwano," in ji ni.

Ya yi dariya har da tari. Rabona da jin haka na manta.

A jerin Garzali, mutumin ya karya kujerar gidansa, ya fice, ya yi ta gararamba a ɗakunan haya, daga ƙarshe ga shi a tebur yana cin abinci da iyalinsa. Garzali ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka gani? Ko wannan ya koma gida."

A satin nan ya sayo wa Huraira atamfa, ya zauna a tsakar gida da yara. Kullum da safe sai ya je ya sake kallo shi kaɗai. Ya ce mini kafin mutumin ya zauna cin abincin yakan ɗago ya dube shi, kuma kullum duban yana ƙara daɗewa. Na ce fim ba ya sauyawa. Amma da na koma karo na biyu, mutumin ya ɗago, ya daɗe har na kau da kaina.

A ranar ne na yi abin da na yi. Kafinta ba ya ganin kujera ya yi shiru. Wadda aka karya tun farko, ga ta a wurin cin abincin lafiya lau, ba ƙusa, ba ɗori.

"Garzali, ai a baibai ka jera gwangwanayen," in ji ni, har ina jin daɗin na gano. "Cin abincin nan shi ne farko."

Ya sake jera su, muka kalla. Fim ɗin ya ƙare mutumin yana zaune a bakin gado a ɗakin haya, takalmi a ƙafarsa. Hoton ya ɗauke, bango ya yi fari, injin yana ta ƙaf-ƙaf-ƙaf. Garzali bai kashe shi ba.

"To, madalla," ya ce.

Bayan sati biyu ya ɗauki akwatinsa ya kama ɗaki a Tarauni, can bakin gonaki. Duk Juma'a nakan taka in je.

"Don Allah tashi mu koma. Yaran suna tambayarka."

"Na duba, Ƙasimu. Babu wannan gwangwanin."

Kafin babbar salla zazzaɓi ya kwantar da shi, bai bari an kai shi gida ba. A can ya rasu, ni na yi masa wanka.

Ranar sadakar bakwai Huraira ta aiko aka kira ni zaure. Daga bayan ƙofa ta ce, "Malam Ƙasimu, me ya juyar da abokinka? Sati guda fa ya dawo mana kamar da."

Na ce, "Allah kaɗai ya sani."

Ta gode mini da tsayuwar da na yi a kansa, ta sa mini albarka. Na amsa amin, kaina a ƙasa. Allah ya jiƙanka, Garzali, ya yafe mana ni da kai.