Inna Tabawa da Igiya Mai Ƙulli Huɗu

Shekara talatin da ɗaya, duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Magariya da safe ya san abin da zai gani. Kafin masu ƙosai su kwashe kaskon farko, Inna Tabawa ta iso ƙofar farmasi da makulli ɗaure a bakin mayafinta. Ta yayyafa ruwa, ta share, ta jawo dogon benci ƙarƙashin dalbejiya, ta cika randa ta kife moɗa a kai. Sai ta gama wannan duka sannan ta buɗe kanti. Takan ce wanda ya tako daga Sassumbrum a ƙafa, ruwa yake bukata kafin ƙwaya.

Ba lokotoro ba ce irin likitocin asibiti, ba ta taɓa zama a ajin jami'a ba. Takardarta ɗaya ce tak, ta mai sayar da magani. Masu farmasin sun canja sau uku, ita tana nan bayan kanta, da tabaronta mai igiya da ƙamshin man zafi a tafin hannunta. A watan jiya ta ajiye aiki. Ni kuwa Safiyatu, da nake riƙe da tawa farmasin yau a Damagaram, na rantse ba za ta koma gida shiru ba, don akwai maganar da na daɗe ina haɗiyewa.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka turo mu daga jami'a a Yamai, ni da ɗan ajinmu Abdul Razak, mu yi sitaj, wato koyon aiki, na wata uku a hannunta. Aikin da malamanmu suka ba mu shi ne mu tsara wani sabon abu da farmasi za ta riƙa yi wa marasa lafiya, ba miƙa magani kawai ba. Muka zaɓi masu hawan jini. Za mu auna tansiyon mutum, mu sa sunansa a ordinater, wato kwamfuta, mu ba shi ƙwayar wata guda yadda likita ya rubuta, mu haɗa masa da ɗan kati mai kwanan watan da zai dawo. Kai, ƙuruciya! Farar rigarmu ta sha guga, muna jin babu wanda ya kai mu sani daga nan har iyaka.

Inna ta karɓi katin ta juya shi gaba da baya. Ta ce, "Ya yi kyau, 'yata. To, wa zai karanta musu?"

Na ce, "Haba Inna, ai yanzu babu gidan da babu ɗan lakwal mai karatun boko."

Ta ce, "To, Allah Ya sa." Ta koma jera kwalayenta. Mai farmasin ya riga ya yaba tsarinmu, mu kuma ko tambayarta ba mu sake yi ba.

A satinmu na farko aka kawo Baffa Illo, wani manomi daga ƙauyen bayan Dantchiao, dogo mai jar hula da son barkwanci. Kansa ke sarawa, idonsa na ganin duhu-duhu. Na auna shi, na ga jininsa ya hau ƙwarai. Na ba shi ƙwaya talatin, na rubuta kwanan wata da bik a kan kati, na ce, "Baffa, ga ranar dawowarka nan a rubuce." Ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya cusa katin a cikin hularsa. Ban tambaye shi ko ya iya boko ba, ban kuma gaya masa cewa wannan magani ba a gama shi ba.

Shi kuwa ya sha ƙwayarsa tsaf har ta ƙare. Kai ya daina ciwo. A saninsa, magani idan ya ƙare kuma jiki ya yi daɗi, to an warke, kamar na masassara. Ga ruwa ya sauka, ga shuka, ga noman fari. Wa ke tuna wata takarda?

Ordinater ɗinmu bai ce uffan ba, don mu ma ba mu duba ba. Inna ce wata ranar kasuwa ta tsaya da tsintsiya a hannu ta ce, "Ni fa ban ga tsohon nan mai jar hula ba. Kasuwa shida ke nan." Ba ta jira amsarmu ba. Ta leƙa tashar kabu-kabu, ta kira wani Mahamadu da ke bin hanyar Dantchiao, ta ce, "Don Allah ka biya ta gidan Malam Illo, in ka same shi a gona ma ka ɗauko mini shi."

A kwance ya same shi. Tun da safe bakinsa ya karkace, hannun hagu ya saki, iyalinsa na ta yi masa hayaƙi suna cewa iska ce. Aka ɗaure shi da rawani a bayan moto har asibitin Magariya. Likitan ya ce da an ƙara kwana, da sai dai wani labarin. Rai ya tsira, magana ta dawo, amma hannun bai dawo ba.

Na shiga ɗakin ajiyar magani na yi kuka har na gode Allah. Na ce zan tattara in koma Yamai, ni da wannan karatu har abada. Inna ta shigo ta tsaya a kaina. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Kukanki ba zai ɗaga masa hannu ba. Akwai mutum ashirin da uku da kuka ba irin katin nan. Tashi ki wanke fuska, muna da aiki."

Washegari ta zo da ƙunshin igiyar rama. Ta yanka taƙi ɗaya-ɗaya, ta yi wa kowace ƙulli huɗu. Ta ce mutanenmu ba da kalanda suke ƙirga kwana ba, da kasuwa suke ƙirgawa. Kowa a ɗaura masa igiyar a hannun butarsa ta alwala, don babu asubar da ba zai taɓa ta ba, in ya taɓa ya tuna ƙwayarsa. Kowace ranar kasuwa ya kwance ƙulli ɗaya. Ranar da ya kwance na huɗu, ranar zai zo, dama kasuwa zai zo. Kasuwa huɗu kwana ashirin da takwas, saura ƙwaya biyu a hannunsa ko da ruwa ya tsare hanya. Ta ɗauko kaye, littafin rubutu, ta sa muka ware wa kowane ƙauye shafinsa. Wanda bai zo ba, kafin kasuwa ta watse an ba ɗan kabu-kabun ƙauyensu saƙo.

Abdul Razak ya ce, "Inna, yaya za mu rubuta igiya a rahoton jami'a?" Ta ce, "Yadda kuka rubuta kati, ɗan nan."

Haka muka rubuta. Daga baya matan da ke da ciwon suga suka shiga, aka kai kaye na tara. Duk ɗaliban da aka turo bayanmu, sai sun yi sati guda a kan bencin nan suna sauraron mutane kafin ta bar su su taɓa takarda.

Inna, ke ce kika je gadon Baffa Illo kika ce, "Malam, laifinmu ne, mu na farmasi, ba mu yi maka bayani ba." Ina bayanki a tsaye, ba ki ko waiwayo ni ba. Ke ce kika ɗauki nauyin da ba naki ba, don kada 'yar mutane ta karye tun ba ta fara ba. Uwar marasa lafiya, randa mai sanyi a bakin hanya. Na gode, na gode, Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Ku kuma ƙannena masu farar riga, in an turo ku ku tsara wa mutane wani sabon abu, ku nemi irin su Inna Tabawa, suna nan a kowane gari. Ku zauna ku tambaya kafin ku buɗe ordinater.

Ranar da aka yi mata walimar sallama, Baffa Illo ya zo, ya tsufa, hannun hagu a cikin aljihu. Na durƙusa gabansa na ce, "Baffa, ni ce na rubuta maka katin nan. Ka yafe mini."

Ya yi dariya ya ce, "Yo na sani mana, 'yata, ai hannuna ne ya mutu, ba idona ba. Na yafe tun ina kan gado. Tashi, shekara goma sha ɗaya na ƙara ina cin tuwo da jikokina."

Da liman ya ce a yi wa Inna addu'a, kowa ya ɗaga hannu biyu. Baffa Illo ya ɗaga ɗaya, kuma shi ne na ƙarshen saukewa.