Goron da Ban Kai wa Dakta Shu'aibu Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina zaure ina yayyafa wa goro ruwa, abokina Bitrus ya shigo ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce mini Dakta Shu'aibu ya rasu jiya a Kaduna.

Goron nan da ke gabana nasa ne.

Ku yi haƙuri da tsawon rubutun. Ni ba ɗan boko ba ne, sai da furfura ta fito mini sannan na shiga ajin yamma na manya, kuma har yanzu da yatsa ɗaya nake danna waya. Amma dole in rubuta wannan.

Waɗanda ke bina a nan sun ga murnar da nake ta yi a makon nan. Allah ya ba ni jika, ta farko, bayan shekarun da 'yar farina ta yi a gidan miji ba haihuwa har mun fara daina zancen. Gobe ne suna. Na yi ta sa hoton ƙafafunta, kuna ta yi mini barka. Abin da ban gaya muku ba shi ne akwai mutum ɗaya da ya fi kowa cancantar jin labarin, kuma bai ji ba.

Dakta Shu'aibu likitan haƙori ne a nan Birnin Gwari. Iyalinsa suna Kaduna. Lokacin da hanya ta lalace da 'yan bindiga ma'aikata da yawa suka nemi canjin wurin aiki, shi ya zauna.

Da kaka haƙorina ya fashe, na tauna tsakuwa a cikin wake. Haƙorin turmi ne na ƙasa, gefen dama. Kada ku ce ai haƙori ɗaya ne. Gefen hagu ya daɗe da zubewa, a dama kuwa shi kaɗai ya rage da ke da abokin tauna a sama. In ya tafi, ni da tauna mun yi ban kwana.

A lokacin cikin 'yata ya fara fitowa, kuma mun san gida za ta dawo ta haihu. A gidanmu babban namiji ne ke tauna wa jariri dabino ya shafa masa a baki. Mahaifina ya yi wa 'ya'yana duka. Yanzu ba shi, layi ya zo kaina. Na kwana ina tunanin a ce ranar ta zo, a miƙo mini jariri da dabino, ni kuma in miƙa wa maƙwabci.

Shawara kuwa na sha ta. Uwargida Hajara ta cusa mini kanumfari har harshena ya mutu. Wani mai magani da ke baje koli ranar kasuwa ya ce tsutsa ce, zai turara mini ta faɗo, in ta ƙi ga awartaki a jakarsa. Surukina, cikin kunya, ya aiko a ce mini in je Kaduna shi zai ɗauki nauyi. Na ce in bi dajin nan saboda haƙori, ban yarda ba.

Bitrus ne ya raba gardamar. Benci ɗaya muke zama a ajin yamma, shi ya riga ni gane bambancin b da d, kuma har yau bai bar ni na manta ba. A bakin gonarsa ya wangame mini bakinsa ya nuna wani haƙori ya ce in faɗa masa ko na Allah ne ko na likita. Na kasa. Ya ce to in bar wahalar da kaina, in je wurin Dakta Shu'aibu, mutumin ba ya gaggawar cirewa.

Na je da niyyar in ce a cire kawai in huta. Ya ɗauki hoton haƙorin, ya ɗaga shi ga haske, ya nuna mini tushen. Ya ce tushen lafiya lau, sama ce ta lalace. Zai iya cirewa yanzu in tafi gida, ko kuma ya cire jijiyar da ke ciwo, ya cike ramin, ya sa masa hula, wato murfi mai ƙarfi da ake ƙerawa daidai da haƙorin. Ya ce ta biyun sai na yi ta zirga-zirga, kuma ba zai yi mini ƙaryar cewa da daɗi ba. Sannan ya tambaye ni me na fi son in ci gaba da ci.

Ban san yadda aka yi ba na ba shi labarin dabinon. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Hajara.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye hoton ya ce, "To Baba, wannan haƙorin yana da aiki a gabansa. Ba za mu cire shi ba."

Na sha wuya, ba zan ɓoye ba. Ni da na yi noma a bakin dajin Kamuku ban taɓa gudun komai ba, allurar dasashi ta sa na riƙe hannun kujera kamar yaro. Ya ce duk lokacin da na ji zafi in ɗaga hannun hagu zai tsaya. Na yi ta ɗagawa, wani lokacin ma ba zafi, ƙarar injin ce kawai ke shiga mini kai. Bai taɓa nuna ya gane ba. Tsayawa yake yi, ya tambaye ni labarin masara.

Wata rana janareta ya mutu ana tsakar aiki, bakina a buɗe cike da auduga. Ya ce kada in damu, wannan ce dama ta farko da ya samu ya yi magana da dattijon Birnin Gwari ba a katse shi ba.

Ya taɓa ba ni kwalin magani, na fara haɗa baƙaƙen sunan a hankali. Mutane na jira a waje. Da wani ne, da ya karɓe ya karanta mini. Shi ya tsaya har na kai ƙarshe, ya ce daidai ne.

Ya hana ni goro. Wannan ya fi allurar ciwo.

Na yi makonni a kan kunu da fura. Hajara na daka mini nama a turmi tana cewa Allah ya ba ta jariri kafin 'yarta. Hular wucin gadi da ya sa mini ta taɓa fita a cikin tuwo, na laluba na same ta, na ƙulle a bakin rawani na kai masa ina jin kunya. Ya ce na kyauta da ban haɗiye ba, da sai mun jira ta.

A nan ba a ƙera hular gaske, sai Kaduna. Ya sa na ciji wani abu mai laushi kamar ƙullu, ya ɗauki siffar haƙorin, shi da kansa ya tafi da ita ranar da zai je ganin iyali. Hanyar da na ƙi bi saboda bakina, shi ya bi ta saboda bakina. Da hular ta zo ya gwada, ya sa na ciza, ya ce ta ɗan yi tudu, zai mayar. Na yi ta roƙonsa ya liƙa haka nan, na gaji, cikin 'yata kuma ya tsufa. Ya ƙi. Ya ce in ya liƙa yau zan gode masa, bayan wata guda in tsine masa. Na fita ina gunaguni. Ya sake bin hanyar.

Ta biyun ta zauna kamar da ita aka haife ni.

Ganinmu na ƙarshe shi ne ranar da na koma ya duba. Na lura ya rame, na tambaya, ya ce gajiya ce. Ya jawo durowa ya ɗauko dabino cikin wanda yake ajiyewa na buɗe baki, ya cire ƙwallon ya ce in gwada a gabansa. Na tauna. Ya ce in mace aka haifa, yanzu ba ta da hujjar ƙin mijinta don wawulo.

Da zan fita ya ce, "Baba, ranar da aka haihu ina so in ji. Ko a waya ne."

Na ce a'a, mutum irinsa ba a gaya masa haihuwa a waya. Da ƙafata zan zo, da goro a hannu, kamar yadda ake yi wa manya. Ya ce, "Ni da na hana ka goro?" Na ce ai shi zai ci, ni kallo zan yi.

Aka haihu, mace. Aka miƙo mini ita a zane, na yi mata kiran salla a kunne, na tauna dabino da gefen dama na shafa mata. Ta tsotsi leɓe. Na juya baya don kada mata su ga idona.

Da surukina ya aiko da goron suna na zaɓi manyan farare na ware. Na je wurin aikinsa na tarar da kwaɗo a ƙofa. Mai kemis na kusa ya ce ya tafi Kaduna ba ya jin daɗi, amma ba wani abu ba ne. Hajara ta ce in kira shi mana, ga lambarsa a wayata. Na ce ai na riga na faɗa masa da ƙafata zan zo, zai dawo kafin suna. Kullum in yayyafa wa goron ruwa in rufe da ganye.

Bitrus ya ce wanda ya kawo labarin ya ce har shekaranjiya yana amsa waya daga gadon asibiti, yana tambayar mutanen da bai ƙarasa wa aiki ba.

Ni na ɗauka girmama shi nake yi. Shi kuwa ya riga ya faɗa mini abin da yake so, ko a waya ne. Da na danna lambar nan, da ya ji.

Gobe za a yanka rago, za a yi suna, zan zauna in karɓi barka, don yarinyar nan haƙƙinta ne a yi mata murna. Jibi in Allah ya yarda zan shiga motar Kaduna in bi hanyar nan, ni da Bitrus, mu kai wa iyalinsa gaisuwa. Da goron zan tafi. Zan ajiye shi a gaban masu zaman makoki, in gaya musu na mene ne.

Dakta, an haihu. Mace ce. Na tauna dabinon, hular ba ta motsa ba.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sa kabarinka ya zama wurin hutu. Yadda ka sauƙaƙa wa mutane zafi, Allah ya sauƙaƙa maka hisabi. Allah ya ba matarka da 'ya'yanka haƙuri, ya tsaya musu.

Duk wanda ya karanta har nan, wanda ya san shi da wanda bai san shi ba, ina roƙon ku sa Dakta Shu'aibu a addu'arku ta yau. Waɗanda za su zo suna gobe kuma, idan liman ya gama yi wa jaririya addu'a kada ku yi saurin shafawa, akwai fatiha ɗaya da zan roƙa a ƙara.