Rabon Zaliha

Mijinyawa mahauci ne a unguwar Sabangali a birnin Njamena, gajere mai yawan dariya. Shekara shida ya yi da matarsa Kubura kafin suka gane zamansu ba zai yi ba, suka rabu ba tare da an ji kansu ba. 'Yarsu Zaliha ta bi uwarta. Kowace Juma'a yakan kai wa yarinyar nama, da gero, da sabulu.

Da Kubura ta auri wani tela mai suna Rufa'i ta koma unguwar Mursal, Mijinyawa ya bi su da kayansa kamar kullum. Angon ya tare shi a ƙofa cikin ladabi.

"Baban Zaliha, ka huta. Duk wanda ke ƙarƙashin rufina ni ke ciyar da shi."

"Malam Rufa'i, uwarta ka aura. Ita kuwa har gobe 'yata ce."

Haka suka ɗauki ƙullin naman har gaban liman. Ya saurare su, ya ce auren uwa ba ya sauke ciyarwa daga wuyan uba, amma ba wanda ya hana mijin uwa kyautatawa. Suka rabu a kan cewa abinci na Mijinyawa ne, sutura ta Rufa'i. Daga nan aka shiga gasa. Yarinya ta yi ƙiba, har rigar da aka ɗinka mata wannan wata ba ta shigarta a na gaba, Rufa'i yana zargin mahauci da gangan yake yi.

Sai yaƙi ya shigo gari. Kwana goma sha biyu harbi bai bar Mijinyawa ya fita ba. Ranar da aka ɗan lafa ya ruga Mursal, ya tarar da gida a buɗe, ba kowa. Wata tsohuwa ta ce sun haye kogi zuwa garin Kusiri da ke ƙetaren iyaka. Ya koma ya yanka ragon da ya rage masa, ya ɗora cinya biyu a kai, ya shiga kwalekwale cikin masu gudu da tabarmi da tukwane.

Wuni guda yana yawo tsakanin bukkoki kafin ya jiyo ƙarar keken ɗinki. Rufa'i ne a gindin bishiya, Zaliha na riƙe masa zare. Ta yar da zaren ta ruga ta ƙanƙame ubanta.

Rufa'i ya dubi cinyoyin ya ce, "Ka makara da Juma'a biyu."

Mijinyawa ya yi dariya har da hawaye. Washegari ya kafa tukubar tsire daf da keken, suka yi wata tara suna sana'a kafaɗa da kafaɗa.

A can Mijinyawa ya ga Hansatu, bazawara mai sayar da kunu. Rufa'i da kansa ya je nema masa aurenta. Da yayanta ya tambaya ko sabon aure zai rage abin da ake kai wa yarinyar, Rufa'i ya ce shi da yake mijin uwar ma ya gwada ya kasa.

Bayan sun dawo Njamena, Hansatu ce ta karɓi aikin kaiwa. Takan tafi Mursal da hantsi, ita da Kubura su ɓace da hira, sai la'asar ta dawo. Mijinyawa ya koyi dafa wa kansa shinkafa.