Ranar da Ekrem Direba Ya Hau Dutse

Shekara ashirin da bakwai Ekrem yana tuƙa ƙaramar bas daga garinsu, a tsakiyar Bosniya, zuwa gindin dutse inda ake sauka a shiga daji da ƙafa don ganin marmaro. Shi dai bai taɓa hawa ba. Yana sauke fasinja sai ya wuce shagon mai kofi, ya tuɓe takalma, ya miƙe ƙafa. Amma hakan bai hana shi yi wa baƙi bayani a hanya ba: ruwan shuɗi ne kamar an jiƙa shuni, rugugin fitowarsa daga kogo yana toshe kunne, kuma shi da kansa ya yi tsalle ya faɗa ciki ya yi ninƙaya yana saurayi. Duk daga bakin fasinja ya tsinta, ya ƙara gishiri. Yanzu idan yana ba da labarin kansa yakan ce Allah bai yi malamin da ya fi shi sanin abin da bai gani ba.

Da ya ajiye aiki, matarsa Zumreta ta ce ya kai ta. Ya ce gwiwa, ya ce hadari, ya ce a bari ganye ya fito. Wata Lahadi ta naɗe burek, gasasshen abincin fulawa mai cuku a ciki, a mayafin tebur ta tsaya bakin ƙofa, dole ya sa hula.

Inda hanya ta rabu biyu a cikin daji, Ekrem ya ɗauki hagu ƙirji a gaba. Bayan tafiyar awa guda suka tsinci kansu a garken tumaki. Tsohuwar da ke kiwo ta gane shi, ta tambaya ko ba shi ne direban da ya ce ya san kowane dutse a nan ba, sannan ta nuna musu hanya da sanda.

Suka isa yana haki. Ruwan kore ne, garau har ana ƙirga tsakuwar ƙasa, yana tasowa daga ƙarƙashin farin dutse ba ko motsin kirki. Ekrem ya tsaya yana kallo. Kyan wurin ya fi ƙaryarsa, abin da ya fi ba shi kunya ke nan.

“To, tsoho, daga ina ka yi tsallen?” in ji Zumreta.

Ya naɗe wando ya tsoma ƙafa ɗaya. Sanyi ya harba masa har haƙori, gansakuka ta kwashe ɗayar, ya zauna daɓas cikin ruwa har ƙugu. Daga nan zaune ya gaya mata gaskiya, cewa yau ce ranarsa ta farko.

“Na sani,” ta ce, tana miƙa masa hannu. “Ni ke goge takalmanka. Ko sau ɗaya ba su dawo da laka ba.”

Suka shanya wandon a kan dutse, ya ɗaura mayafin tebur kamar zane, suka ci burek ɗinsu, masu wucewa suna gaishe shi suna kau da kai. Mura ta kwantar da shi kwana tara. Zumreta ta yi ta dafa masa shayin ganyen dutse, ba ta gaya wa kowa ba. Shi ne bakinsa ya kasa riƙewa, yana warkewa ya bi maƙwabta gida-gida yana tona kansa.