Gemun Gvozden Wanzami

"Kwana sittin fa yau, ko gashi ɗaya bai taɓa ba."

"Wanzami da gemu har ƙirji! Ni dai ba zan miƙa masa wuyana ba."

"Kai, rufa mana asiri, ga shi nan tafe."

Gvozden ya ji su sarai. Ya wuce masu shan gahawa, ya buɗe shagonsa na bakin titin Niš, inda ya shekara arba'in da uku yana aski.

A garinmu, wanda aka yi wa rasuwa ba ya kai aska fuskarsa sai ranar arba'in, ranar da ake cewa ran mamaci ya gama zagaya wuraren da ya saba, ya kama hanya. Daga maƙabarta ake zarcewa wurin Gvozden. Rabin mazan garin a kujerarsa suka ajiye makoki. Yanzu ga shi ya zo kansa.

Matarsa Smilja ce mai shara da dafa ruwa a shagon. Ba ta taɓa wuce Belgrade, babban birnin ƙasarmu, ba, amma duk direban babbar mota da ya tsaya aski sai ta nuna masa aska, ta tambayi sunanta da yarensu. Namu britva ne. Ɗan Poland ya ce brzytwa, ɗan Czech ya ce břitva, ta tafa hannu.

"Ka ji ko, tsoho? Kakanmu ɗaya, kuma wanzami ne!"

Da Baturke ya ce ustura, sai ta ce wannan ai sunan da surukinta ke kiran aska da shi ke nan, na zamanin da.

Tun da aka binne ta, kullum da hantsi idan yana wasa aska a jikin fata, sai ya ji ana jero sunayen nan a bayansa, ƙasa-ƙasa, daga lungun murhu. Ba ya waiwayawa. Ranar arba'in ya kai dafaffiyar alkama kabari kamar yadda al'ada take, ya dawo bai yi aski ba. Washegari muryar na nan. Sai ya ƙudurta a ransa cewa gemun ne ke riƙe da ita.

Yau Tihomir, wanda ya tsaya musu shaida ranar aure, ya shigo ya zauna a benci.

"Aminina, ba aski na zo ba, kada ka yanka ni. Ka ɗaure baiwar Allah a shago kamar akuya. Tana da rai ta yi maka sharar shekara arba'in, yanzun ma ba za ta huta ba?"

"Wa ya ce maka tana nan?"

"Kofi biyu kake zubawa. Duk gari ya gani."

Tihomir ya fita. Gvozden ya daɗe a tsaye. Can ya ɗora ruwa da kansa, ya kaɗa sabulu har ya yi kumfa, ya hau kujerar da bai taɓa zama a kai ba. Ya ɗauki aska. Ya shafi kuncin dama, gashi ya zubo kan tawul, muryar ta fara yin nisa, ta koma wajen ƙofa.

"Tsohuwa," ya ce, "kada ki yi sauri. Ɗan tsaya min in gama ɗaya gefen."