Jan Farcen da ke Kan Motar Babanmu

Ni ba na son dogon surutu, kuma ban ce dole sai kun yarda ba, amma wallahi a kaina abin nan ya faru, shekarun baya, lokacin da na gama sakandare ina zaman gida a unguwarmu ta Kwaciri.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, direba ne, ya bar mana wata tsohuwar motar Jamus mai injekta irin ta da. A gefen abin da ke raba wa injin fetur akwai ɗan baƙin akwati kamar na ashana, mai waya biyu. Baba ya sha gaya min, ko ina so ko ba na so, cewa ƙwaƙwalwar motar ce ke aiko wa akwatin 'yar wuta, wutar ta lanƙwasa wani siririn ƙarfe a ciki, sai ƙarfin turin mai ya ƙaru ko ya ragu, da safe ta sha da yawa, in ta ɗau zafi ta rage. Shi kaɗai ke kwance akwatin ya saita, da kunne da hanci, in ya ɗaure ya ɗiga jan farcena a kan notin don ya gane in wani ya taɓa. Kullum sai mun yi faɗa a kan jan farcen nan.

Bayan rasuwarsa motar ta fara baƙin hayaƙi, ta shaƙe, ta daina tashi. Yayana ya ce in ta ƙi gyaruwa 'yan gwangwan zai kira su sassare ta. Umma kuwa abinci ya daina shigarta. Ni na sa aka ja motar zuwa garejin Baba Rasaki a Sabon Gari, wani dattijon Bayarabe abokin Baba.

Ya ce, "'Yata, injekta ciwon kai ne. Mu sa mata kafreta kamar kowa."

Na ce, "Mai ita ya ce ko bayan ransa kar a sa."

"To kira shi ya zo ya saita," in ji shi yana dariya, sai kuma ya yi istigfari. Ya cire batir ya kai caji, ya ce daga can zai wuce sallar azahar.

Na shiga gaba na zauna, bonet a buɗe, rana tana dukan kwano, ƙarar adaidaita da bugun guduma suka riƙa yin nisa kamar an sa min auduga a kunne, sai na ji famfon mai yana 'yar ƙararsa a baya, a motar da babu batir fa. Ƙanshin goro ya gauraya da na fetur. Ta 'yar tsagar da ke ƙasan bonet na hango hannu yana aiki a hankali, hannun riga a naɗe, da tabon ƙuna a wuyan hannun, tabon Babanmu da na sani tun ina goye. Wallahi ban ji tsoro ba. Ji na yi kamar safiyar makaranta ce, ina jira ya gama mu tafi, har na ce a raina, Baba ka yi sauri mana.

Ƙwanƙwasa gilashi ya dawo da ni. Baba Rasaki ne da batir a kafaɗa. Ya leƙa injin ya daɗe, sannan a hankali ya ce, "Wa ya taɓa nan?"

Akwatin jiƙe yake da fetur. A kan notin ga sabon jan farce, ya sa yatsa ya taɓa, ya lakato shi ɗanye. Ya dubi hannuna, babu ko ɗigo. Ya ɗaura batir, murɗa ɗaya ta tashi, luf, babu hayaƙi.

Da ya tuƙo mu gida, Umma tana tsaye a soro babu mayafi. Ta ce, "Haka take kuka a hannun babanku." Ranar ta ci tuwo. Yayana bai sake maganar gwangwan ba.

Na je na duba kwalbar jan farcen a durowa. Ta bushe ƙayau tun tuni, ko murfin ba ya buɗuwa.

Mafarki ne ko mene ne, kar ku tambaye ni. Shawarata kawai, in kun gaji tsohuwar mota kuka ga alamar da mai ita ya bari a inji, kar ku goge. Ku yi masa addu'a, ku rufe bonet.